Littafi, Jadawali ko Manhaja: Wanne Ya Dace da Mai Aikin Kansa Wajen Riƙe Lissafin Kuɗi?

Mai albashi yana da ranarsa. Ya san lokacin da kuɗi zai shigo, ya san nawa ne, abin da ya rage masa kawai ya raba. Mai aikin kansa, irin su mai fassara, mai zane a kwamfuta, mai rubuta manhaja ko mai ɗaukar hoto, bai samu wannan gatan ba. A wata guda ayyuka uku su biya shi a tare, sannan a yi wata biyu ko alat ɗaya bai gani ba, alhali kuɗin haya da na makaranta da cefane ba ruwansu da wannan. Galibin kayan lissafin da ake tallatawa kuwa don mai albashi aka ƙera su. Saboda haka kafin ka biya kuɗin wata manhaja, ko ka zuba mata bayanan shekara guda, yi mata tambaya ɗaya: tana iya raba kuɗin da ake bin mutane, da wanda ya shigo hannu, da wanda za a iya kashewa a gida?

Ga misali. Ka gama aikin dala 100 a Fiverr, dandalin intanet da ke haɗa masu aikin kansu da masu ba da aiki. Dandalin yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari, saura dala 80. Su ma 80 ɗin ba su zama naka ba tukuna, sai sun yi kwana 14 a tsare kafin a bar ka ka cire. Ka turo su ta Payoneer ko PayPal, nan ma a gutsiri wani abu, banki kuma ya yi maka canji da nasa farashin. Cikin abin da ya iso akwai rabon haraji, akwai kuɗin intanet da gyaran kwamfutar da aka yi aikin da ita. Wanda ya rubuta 100 ranar da ya miƙa aiki, ya kuma yi wa iyali alkawari a kan haka, zai sha mamaki ranar biya. Da wannan ma'aunin zan auna duk abin da ke ƙasa.

Littafi da biro

Ba abin raini ba ne. Ba ya buƙatar caji, ba kamfanin da zai rufe shi, kuma hannun da ya rubuta abin da ya kashe ya fi jin zafinsa. Ga mai abokan hulɗa biyu ko uku da ke biya da kuɗin ƙasa ɗaya, ya isa. Matsalarsa tana bayyana ne ranar da aka tambaye ka nawa wane ya biya ka a bara, ko nawa ka kashe a kan aiki tun farkon shekara. Sai ka zauna da kalkuleta kana juya shafuka. In ya ɓata ko ruwa ya taɓa shi kuwa, shi ke nan.

Jadawalin lissafi: Excel, Google Sheets da LibreOffice Calc

A nan zan fi daɗewa, domin a ganina nan ne yawancin masu aikin kansu ya kamata su fara, da yawa ma ba su da dalilin wucewa gaba.

Jadawali ba ya zuwa da ra'ayin kowa game da yadda ake samun kuɗi, kai ne za ka gina shi daidai da aikinka. Kowane aiki layi guda: sunan mai aikin, abin da aka yi, kuɗin da aka yi ciniki, ranar da ka tura takardar neman biya, ranar da ya kamata a biya, ranar da aka biya a zahiri, abin da dandali da banki suka cire, sai abin da ya iso asusunka. Gurbin "ranar da aka biya" shi ne ran jadawalin. Muddin yana nan fayau, kuɗin bashi ne, bai shiga kasafin gida ba. Da umarnin SUMIF za ka sa jadawalin ya tara maka duk layukan da ba a biya ba a wuri guda, ka kuma sa ya riƙa yi wa layi jan launi da zarar ranar biya ta wuce. Bayan wata shida za ka fara ganin abin da da ka ba za ka riƙe ba: wane yakan yi jinkirin mako uku kullum, wane kuma aikinsa da yawa amma in an cire la'ada ba abin kirki.

Tsakanin ukun, Google Sheets ta fi dacewa da gida. Kyauta ce ga mai asusun Google, mata da miji suna iya buɗe jadawali ɗaya kowa daga wayarsa, tana kuma ajiye tarihin gyare-gyare, don haka in wani ya goge layi bisa kuskure ana iya dawo da shi. Cike gurabe a ƙaramin allon waya akwai takaici, amma da magani: a haɗa ɗan fom a Google Forms mai tambaya uku, wato nawa, a kan me, yaushe, amsoshin su riƙa sauka cikin jadawalin da kansu. Excel ta fi ƙarfi idan bayanai sun yi yawa, sai dai cikakkiyarta ta kwamfuta ta kuɗi ce. LibreOffice Calc kyauta ce, ba ta neman intanet, bayananka kuma suna zaune a kwamfutarka, amma ajiye kwafi a wani wuri ya rataya a wuyanka.

Wani tarko ga masu karɓar kuɗin waje. Google Sheets tana da umarnin GOOGLEFINANCE da ke jawo farashin canji na yau. Abin sha'awa ne, amma in ka ɗora shi a kan kuɗin da aka riga aka biya ka, kuɗin shigarka na watan jiya zai riƙa hawa da sauka kullum, kuma farashin da yake nunawa ba shi bankinka ya ba ka ba. Yi amfani da shi wajen ƙiyasta bashin da ke waje kawai. Abin da ya shigo, rubuta adadinsa da hannu kamar yadda banki ya nuna.

Aibin jadawali shi ne ba ya tuna maka komai, kuma kuskure ɗaya a umarni yana iya ɓata jimla na tsawon watanni ba ka lura ba.

Manhajojin kasafin gida

Yawancinsu suna fara maka da tambayar nawa kake samu a wata, tambayar da mai aikin kansa ba shi da amsarta. Haka ma tsarin nan da ya shahara na 50/30/20, rabi ga larura, kashi 30 ga sha'awa, kashi 20 ga ajiya. Yana da kyau a takarda, amma rabin kuɗin watan da ba a samu komai ba ai ba ya biyan haya.

Waɗanda suka fi dacewa su ne masu bin tsarin ambulan, inda kuɗin da ke hannu kaɗai ake rabawa, kowane kaso da aikinsa. YNAB ce fitacciya a nan. Jesse Mecham ne ya fara ta a 2004 a Amurka, kuma a matsayin jadawali ta fara kafin ta zama manhaja. Ba ta yarda ka kasafta kuɗin da bai zo ba, tana kuma koya maka gutsura manyan kuɗaɗen da ke zuwa sau ɗaya a shekara zuwa ƙananan kaso na wata-wata, har ka kai matsayin da kuɗin watan jiya kake ci a wannan watan. Ga mai samu yau ya rasa gobe, wannan tunanin ya fi manhajar kanta daraja. Sai dai ana biyan kuɗinta duk wata ko duk shekara bayan gwajin kwana 34, ba ta haɗa kuɗi iri biyu a kasafi ɗaya, ba ta fitar da takardar neman biya, ba ta kuma san wanda kake bi bashi ba. Haɗa ta da banki kai tsaye ma a wasu ƙasashe kawai yake aiki, kamar Amurka da Kanada da Birtaniya. In bankinka ba ya ciki, da hannu za ka riƙa shigarwa, ka ga kenan kana biyan kuɗin abin da ba ka mora.

Goodbudget ma tsarin ambulan take bi, tana da sashen kyauta mai ƙayyadadden adadin ambulan, kuma an yi ta ne don mutanen gida su yi kasafi tare. Actual Budget kusan tunanin YNAB ne a kyauta, tun da aka buɗe lambobinta ga kowa a 2022, amma in kana son ta haɗa wayarka da kwamfutarka sai ka ɗan iya harkar fasaha.

Manhajojin akanta

Waɗannan su ne suka san bashi da gaske. Suna aiki da tsarin shigarwa biyu, inda kowane kuɗi ake rubuta inda ya fito da inda ya tafi, tsarin da Luca Pacioli ya wallafa bayaninsa a Benis ta Italiya tun 1494. Ka tura takardar neman biya, manhaja ta rubuta ta a matsayin bashin da kake bi, ranar da aka biya ta mayar da ita asusun banki. GnuCash kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana riƙe kuɗaɗen ƙasashe daban-daban, tana fitar da takardar neman biya. Fuskarta dai ta tsufa, kuma makon farko sai an yi haƙuri da ita. Zoho Invoice kyauta ce ita ma, aikinta takardun neman biya da tura wa mai jinkiri tunatarwa da kanta, abin da ke rage wa mutum nauyin bakin tambayar haƙƙinsa. Wave sunanta yana yawan fitowa a shawarwari, amma 'yan Amurka da Kanada take yi wa rajista. QuickBooks da Xero na kuɗi ne, kuma sun fi ƙarfin bukatar mutum ɗaya, sai in kana da akanta da ke aiki da su ko ka fara ɗaukar ma'aikata. Duk cikinsu ba wadda za ta yi maka daɗi wajen rubuta cefanen yau da kullum.

Kyauta, da ranar da za a rufe ƙofa

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar kasafi da ba ta karɓar kuɗinka, in ba ta masu sa kai ba ce irin GnuCash, to ta wata hanya take ci: talla, ko tallata maka katin bashi da rance bisa abin da ta gani a asusunka. Kuma tana iya tafiya. Manhajar kasafi ta Mint, wadda kamfanin Intuit ya saya a 2009, ta yi shekaru tana cikin mafi shahara, amma a watan Maris na 2024 aka rufe ta aka ce masu amfani da ita su koma Credit Karma, wata manhajar kamfanin. Microsoft ma ta dakatar da Money in Excel, tsarinta na kasafi a cikin Excel, a 2023. Don haka tun ranar farko nemi maɓallin fitar da bayanai. Shigar da layi biyar, ka fitar da su a fayil ɗin CSV, wato irin fayil ɗin da kowane jadawali ke iya buɗewa, ka buɗe a jadawali ka gani ko kwanan wata da rukuni sun fito daidai. Manhajar da ba ta ba ka wannan ba, ko ta ɓoye shi sai ka biya, ni dai ba zan ba ta lissafina ba. Wadda kuma ta nemi kalmar sirrin bankinka ko izinin karanta duk saƙonnin wayarka, tsaya ka karanta wa za ta nuna wa bayanan.

To, wanne za a ɗauka?

Kafin kowane, buɗe asusu biyu. Duk kuɗin aiki ya sauka a na farko. Daga nan ka ware rabon haraji a ranar da kuɗin ya shigo, bisa dokar ƙasar da kake, domin ba lalle ne a cire maka shi tun daga tushe kamar mai albashi ba. Sannan ka yanka wa kanka albashi tsayayye da za ka riƙa turawa asusun gida a rana ɗaya kowane wata. Ka ɗora adadinsa a kan watannin da samu ya yi ƙasa cikin shekarar da ta wuce, ba a kan matsakaici ba, don wata ɗaya mai kyau yana iya kumbura matsakaici. Rarar watannin albarka ta zauna a asusun aiki ta cike giɓin watannin shiru. Da zarar an yi haka, gida ya koma kamar gidan mai albashi, kuma kusan kowace manhajar kasafi za ta iya da shi. Wuyar ta koma ɓangaren aiki kaɗai.

A ɓangaren aikin, mai abokan hulɗa kaɗan ya tsaya a Google Sheets. Wanda takardun neman biya suka fara yi masa yawa har yana manta wanda bai biya ba, ya ƙara da Zoho Invoice. Mai karɓar kuɗi iri biyu ko uku, kuma yana son lissafin da akanta zai duba bai yamutsa fuska ba, ya daure ya koyi GnuCash. A ɓangaren gida, abin dubawa shi ne wadda abokin zamanka zai yarda ya riƙa buɗewa, domin kasafin da mutum ɗaya ke cikewa alhali biyu ke kashewa ba ya taɓa daidaita. YNAB ta cancanci kuɗinta ne ga wanda bankinsa ke haɗuwa da ita, ko wanda ya gwada jadawali ya ga ba ya iya tsare kansa.

Lokacin gwaji kuma kada ka fara da watan da kake ciki. Ɗauko bayanan banki na wata uku da suka wuce, ka tabbata akwai watan shiru a ciki, da aikin da aka biya rabi aka riƙe rabi, da wanda aka biya da kuɗin waje. Shigar da su duka, sannan ka nemi amsar abu uku: nawa kake bin mutane yau, nawa ka ware na haraji, wata nawa asusun aiki zai iya biyan albashinka in ba sabon aiki. In sai ka ɗauko kalkuleta kafin ka samu amsa, gwada ta gaba kafin kwanakin gwajin su ƙare a fara cire maka kuɗi.