Ramuka ukun farko na filin da Kawu ya kai ni

Juma'ar da ta wuce ana idar da asuba Kawu ya biyo min gida, cikin sanyin Riyad ɗinnan na watan Janairu mai shiga ƙashi, yace in ɗauko sandunana yau zan ga filin golf na gaske. Kawu haifaffen Makka ne, kakansa ne ya taso daga Kano a ƙafa ya ratso Sudan ya zo aikin hajji bai koma ba, shi yasa Hausarsa rabi Larabci ce, komai halas, komai yalla. Ni kuwa shekara biyu kenan ina bugawa amma yawanci a wurin atisaye ne da daddare bayan an tashi aiki, sai ɗan ƙaramin fili mai rami 9. Sunan filin da muka je bazan faɗa ba don ina da ƙorafi a kansu, ku dai sani a wajen gari yake kuma kuɗin da aka biya min ya kai cefanen gidana na sati.

Mun buga duka ramuka 18 amma ukun farko nake son magana a kai, don su ne har yanzu suke min yawo a ka.

Rami na ɗaya mai bugu huɗu ne, wato faa 4, yawan bugun da ake sa ran gwani ya saka ƙwallo a ramin da shi kenan. In ka tsaya a wurin bugun farko ciyawa zaka gani shimfiɗe kore shar, faɗi kamar filin idi, sai ka ce ko da ido rufe ka buga a ciki zata sauka. Ashe kallon kitse nake wa rogo. Hanyar ta ɗan karkata hagu, kuma daidai inda ƙwallon mai matsakaicin ƙarfi irina zata sauka in ya buga da direba (sandar da tafi kowacce tsawo, ba direban mota ba, Kawu ya sha tsokanata da wannan) sun haƙa ramin yashi mai zurfi a gefen hagu. Hannun dama kuma daga ƙarshen ciyawa sai tsakuwa da ƙaya sai fararen turaku, wanda duk ya wuce su ya fita fili kenan. To wayon wanda ya tsara wurin shi ne girin ɗin, inda ramin yake, a karkace aka ajiye shi, bakinsa yana kallon hagu. Wanda ya yi kasada ya sauka kusa da yashin nan na hagu hanya a buɗe take masa, ko gangaro ƙwallon yayi zata shiga. Wanda ya gudu dama don tsoro sai ya tarar da wani yashin na biyu tsakaninsa da tutar da take nuna ramin, dole ya ɗaga ta sama ta tsallake kuma ta tsaya cak. Kowane ɓangare da kuɗin da zaka biya, kuma duk wannan baka ganinsa sai ka iso wurin.

Kawu ya zaro ƙaramar sanda ya buga a hankali, ƙwallon ta sauka ta tsaya kafin yashin da kamar taku goma sha biyar. Ya juyo yace, ɗana ajiye wannan dogon abin, jikinka bai ɗumama ba. Nace Kawu ai faɗi gare shi. Yace tayyib, bismillah. Wallahi ina bugawa naji a hannuna ta tafi, ta tashi tiryan kamar abin arziki sannan ta fara lanƙwasa dama, tana tafiya tana tafiya har ta wuce fararen turakun nan ta faɗa cikin ƙaya. Dokar kuma ba sassauci, an ƙara maka bugu ɗaya kuma ka koma inda ka buga, wato bugun da zan sake na uku ne tun ban taka ko'ina ba. Ga mutum huɗu a bayanmu sun tsaya suna kallo, ba wanda yace uffan, wannan shirun yafi dariya ciwo. Da bugu 7 na gama. Kawu 5, bugu ɗaya sama da faa, abin da suke kira bogi, kuma nashi bogin yafi nawa na gaske kyau.

A hanya yake faɗa min masu tsara fili da yawa suna so ramin farko ya zama kamar gaisuwa, a miƙa maka hannu kafin a fara kokawa. Ya kawo misalin tsohon filin St Andrews na Sikotilan, inda hanyar rami na ɗaya da ta 18 suke haɗe wuri guda, faɗi har ya yi yawa, amma ga ɗan rafi kwance a gaban girin yana jiran mai ganganci. Yace kuma ba kasafai ake fara fili da rami mai bugu uku ba don layi yake haɗawa, sai na gaba sun gama kaf kafin na baya su buga, duk da akwai irin Royal Lytham a Ingila da a haka ya fara. Ni dai gaisuwar da aka min ta zo da mari.

Na biyu mai bugu biyar ne, dogo, da tafki a gefen dama wajen bugu na biyu. Nan na bi maganar manya, na raba tafiyar gida uku, da ayan bakwai (sandar ƙarfe mai lamba 7) na ajiye ƙwallon kafin ruwan, na gama da 6 ina murna. Abokin wasanmu na uku, wani ɗan Sudan ma'aikacin asibiti da Hausarsa ta fi ta Kawu, shi ya nemi tsallakewa ruwa ya cinye masa sabuwar ƙwallo. Da yake turakun wurin ja ne bugu ɗaya aka ƙara masa ya saki wata daga tsayin gwiwa, haka dokar ta koma tun 2019, da daga kafaɗa ake saki. Ramin ba laifi amma ba wani abin a zo a gani.

Na uku shi ne ya burge ni har na manta haushin na farko. Gajere ne, faa 3, a takarda ba komai, girin ɗin ma kana hangensa gaba ɗaya daga ɗan tudu. Sai dai an juya shi ya fuskanci wani ɓangare dabam da na biyun farko, iskar da take tura ka ta baya tun ɗazu yanzu ta gefe take zuwa, kuma a wurin bugun akwai bishiyoyi da suka kare ka baka jinta sam. Kawu ya nuna min tuta da haɓa, yace kalli can, kar ka kalli rigarka. Tutar kuwa tana kaɗawa fat-fat. Girin ɗin hawa biyu ne kamar dakali, ranar sun sa ramin a hawa na sama can baya kusa da yashi, irin wurin da ake sawa don a ja mai kwaɗayi. Na ɗauki sandar da tafi kai ƙwallo nesa da mataki ɗaya, na nufi tsakiya na rabu da tutar, iska ta ɗauke ta kaɗan ta ajiye min a hawan ƙasa. Raɓa bata bushe ba, ƙwallon Kawu da ta riga tawa ta bar layi a kan ciyawa kamar sawun maciji, na bi wannan layin da ido na gane inda gangaren yake. Da ƙarin bugu biyu na saka ta, uku kenan. Faa ta farko kenan da na taɓa yi a babban fili, ɗan Sudan ɗin har da tafa min.

Ƙorafina kuwa, wurin atisaye a rufe muka same shi da safen, to ta ina mutum zai saki jiki kafin ya fuskanci rami irin na ɗayan nan? Sannan suna sakin mutane kusa da kusa, kana neman ƙwallo a ƙaya, minti 3 kacal doka ta baka, na baya sun riga sun tsaya maka a ka. Yashin rami na biyu ma ba'a share shi ba, duk sawun ƙafa, kuma tulun ruwan sha na wajen na uku wayam. Kuɗin da suke karɓa yafi ƙarfin wannan sakacin. Ciyawar dai masha Allah, a tsakiyar hamada ka ga haka kasan ana aiki, kuma mun gama da sauran lokaci har muka yi wanka muka samu sahun Juma'a.

Kawu yace shi tun 2019 yake bin gasar Saudi International, lokacin da Dustin Johnson ya ci ta farko a Royal Greens can arewa da Jidda, kuma abin da yake kallo a wurin ƙwararrun nan shi ne wace sanda suke zarowa a ramin farko. Mun sake kama lokaci Juma'a mai zuwa, ƙarfe shida da rabi. Da ya sauke ni a ƙofar gida na buɗe but zan ɗauki jakata sai naga ya zare direban ya ajiye gefe, nace Kawu wannan fa, yace halas, tana wurina sai bayan Ramadan.