Rainmeter ya yi, amma sikin yanayin nan ya sha min kai

Ni dai tun zamanin Windows 7 nake son ƙananan wijet ɗin nan da ke zama a gefen fuskar kwamfuta, agogo mai hannu da ɗan mitan da ke nuna wahalar da CPU ke sha. Da Windows 8 ta fito a 2012 aka daina su saboda tsaro, na haƙura. Sai kwanan nan ƙanena da ke taya ni aiki a shago ya ce Yaya ai akwai Rainmeter, manhajar da ke sa irin wijet ɗin nan, kuma kyauta ne, ya sa min a laftof ɗin da nake buga wa mutane takardu da ita. Shigar da shi ko minti biyu bai kai ba, sai ga illustro, sikin (wato zubin wijet) da ke zuwa tare da shi, ya fito da agogo da RAM da sauran su. Lafiya lau.

Ni na jawo wa kaina da na ce sai na ga yanayin gari. Na sauke wani sikin daga wani shafi, fayil ne mai .rmskin a ƙarshe, ka danna sau biyu ya shiga da kansa. Ya fito tsaf abin sha'awa, amma wai ana yayyafi, digiri 11, alhali muna cikin Afrilu a Kano fanka ma iska mai zafi take hurowa. Ashe yanayin Landan yake nuna min. Na danna masa dama na shiga Edit, Notepad ya buɗe da rubutu kamar laya, da ƙyar na gano ashe saitin yana cikin folda @Resources a wani fayil Variables.inc. Nan na sa 12.0 da 8.5 a wurin lambobin gari, wato inda Kano take a taswira, na ƙara girman rubutu don idona, na canza kala zuwa kore, na yi Refresh. Dare biyu na kashe a kai wallahi, amma da na ga ya rubuta Kano sai da na kira maƙwabcina mai gyaran waya ya zo ya gani.

Bayan sati uku sai ya daina motsi, wurin digiri ya koma fanko. Mai sikin ya saki sabo, na sauke na ɗora a kan tsohon ban karanta komai ba. Komai ya tafi. Koren nan, girman rubutu, har Landan ta dawo. Cikin fushi na sake sa lambobin Kano, sai ga 104 ɓaro-ɓaro. Wata hajiya da ta kawo takardar makarantar ɗanta ta leƙo ta ce Malam wannan zafin na nan duniya ne kuwa? Ni kaina na yi tsuru-tsuru, sai daga baya na fahimci Faranhait ne, 40 kenan a namu lissafin. Haba bawan Allah, me zai hana ka bar wa mutane saitinsu in ka saki sabo?

A daren har na yi niyyar goge komai, sai ƙanen nan nawa ya ce in leƙa Documents, cikin Rainmeter, cikin Skins, akwai folda @Backup. Ai kuwa ga tsohon nan a ajiye da duk gyaran da na yi, ashe shi Rainmeter ɗin kan adana tsoho kafin ya ɗora sabo. Na kwafo layukana ɗaya bayan ɗaya, cikin minti goma ya dawo daidai. A nan ne ya saye ni gaskiya, da tauraro biyar zan ba shi ba musu.

To amma da na tuna ranar da na kunna Click through don kar wijet ya riƙa tare min linzami, na dawo ina danna agogo ya ƙi taɓuwa kamar hoto, kusan awa guda kafin a ce min in riƙe Ctrl... laifina ne, na sani, amma raina ya ɓaci. Sannan sikin da ke rawa da sauti na cire shi, don in an ɗauke wuta batir zuba yake. Huɗu dai. Shi kuma na yanayin, sabo ya sake fitowa jiya, ban taɓa ba tukuna.