Galaxy Watch6 ko Huawei GT 4: wanne zai je Bokkos ya dawo da caji?

Alhaji, na ga tambayarka tun bayan Isha'i, na bari sai da safe don in amsa a natse. Ka ce an nuna maka agogo biyu a wani shago a Ahmadu Bello Way a Jos, Galaxy Watch6 na Samsung da Watch GT 4 na Huawei. Wayarka Tecno ce, kuma harkar dankalin turawa takan kai ka Bokkos da Mangu ka yi kwana biyu ko uku, wani lokacin ma ka bi lodi har Abuja. Abin da ya dame ka batir ne. To, in dai batir ne kaɗai abin dubawa, ba a haɗa su, GT 4 za ka ɗauka. Amma tunda kuɗinka za ka fitar, ya kamata ka san abin da za ka samu da abin da za ka bari.

Duka biyun a 2023 suka fito. Watch6 babba, mai faɗin milimita 44, batirinsa 425 mAh ne (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), kuma Samsung da kansu sun ce yana kaiwa awa 40 idan fuskarsa tana mutuwa da kanta, awa 30 idan ka bar ta a kunne dare da rana. GT 4 babba, mai milimita 46, batirinsa 524 mAh. Huawei suka ce kwana 14 in an lallaɓa shi, kwana 8 a amfani na yau da kullum, kwana 4 in fuskar tana kunne kodayaushe. Ka lura da wani abu a nan: girman batirin biyu bai yi nisa da juna ba, ƙarin da na Huawei ya yi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk da haka ɗaya ana lissafa masa awoyi, ɗaya ana lissafa masa kwanaki.

Dalilin yana cikin abin da ke cin wutar. Ka ɗauki gida biyu masu batirin sola iri ɗaya. Gida ɗaya an jona firji da fanka da talabijin, ɗayan ƙwan fitila uku ne da rediyo. Watch6 shi ne gidan farko. Yana aiki da Wear OS, tsarin Google wanda Samsung suka koma kansa tun 2021, wato ƙaramar wayar Android ce aka ɗaura maka a hannu, da Play Store ɗinta, da taswirar Google, da WhatsApp ɗin kanta. GT 4 kuwa tsarinsa mara nauyi ne. Ya ƙirga taku, ya auna bugun zuciya, ya bi barcinka, ya nuna saƙon da ya shigo waya, ya karɓi kira ta Bluetooth, sauran lokaci kuma ya kwanta ya yi shiru.

Inda mutane ba sa hangowa tun a shago shi ne dare. Agogon da ke neman caji kullum, yaushe za ka ba shi? Da rana yana hannunka kana cikin kasuwa. Saura dare, kuma daren nan ne lokacin da ya fi yi maka amfani. Ni abin da na fi so a agogon zamani shi ne tashin Asuba: ya girgiza maka hannu a hankali, ka tashi, uwargida da jariri ba wanda ya motsa. Sai kuma lissafin barci, da ke nuna maka awa nawa ka samu da gaske a makon da aiki ya yi yawa. Idan agogon yana kan caja a gefen gado, tashin Asuba da lissafin barcin duka sun tafi. Masu irin wannan agogo kan ce ai sai a saka shi caji lokacin wanka da karin kumallo. Gaskiya ne yana yiwuwa, amma sai in akwai wuta a daidai wannan sa'ar, kuma kai ka san yadda lamarin yake a unguwanninmu. Wanda ke kaiwa mako guda ba ya sa ka wannan lissafin. Duk ranar da aka kawo wuta kana gida, ko ranar Juma'a kafin ka tafi masallaci, ka ɗora shi, shi ke nan.

Sai batun caja, wanda ya taɓa ba ni wahala. Agogon da na fara ɗaurawa na wani kamfani ne daban, irin masu cajin kullum. Na tafi Abuja ɗaurin aure na kwana biyu na manta cajarsa a gida, kafin Azahar ɗin washegari ya mutu. Na je wurin masu cajin waya a tasha, igiyoyi sun fi ashirin a teburinsu, babu wadda ta shige shi. Waya ko ta mutu a ƙauye za ka samu mai aron caja. Agogo kowanne da ɗan faifansa mai maganaɗisu, in ba ka tafi da naka ba sai dai ka zauna da baƙar fuska a hannu. Watch6 da GT 4 duka haka suke, bambancin shi ne ɗaya dole cajarsa ta bi ka kowace tafiya, ɗayan kana iya barinta a gida ka je Bokkos ka dawo har sau biyu. Kuma in za ka yi cajin da pawa banki, ka duba bayan minti biyar. Wasu kan kashe kansu saboda wutar da agogo ke ja ƙarama ce ƙwarai, sai su ɗauka ba a jona komai ba. Da yawansu suna da yanayin ƙananan na'urori, galibi ta danna maɓallin sau biyu.

Kada in yi wa Watch6 rashin adalci. A wajen saƙo ya fi. Kana tsaye ana auna buhu, direba ya turo maka WhatsApp, kana iya ba shi amsa da murya daga hannunka ba tare da ka zaro waya cikin cunkoson kasuwar Farin Gada ba. A GT 4 za ka karanta saƙon, amsa kuma, a yadda ya fito a 2023, sai 'yan gajerun kalmomi da ka tanada tun farko. Manhajojin da za ka ƙara masa ma kaɗan ne. Wanda ke zaune a ofis da soket kusa da gwiwarsa, kuma wayarsa Samsung ce, ba zan hana shi Watch6 ba ko kaɗan. Amma kai Tecno gare ka, kuma wannan yana da tasiri. Gwajin zuciya na ECG da awon hawan jini da ake tallata Watch6 da su suna bukatar wayar Samsung. Shi awon hawan jinin ma sai ana daidaita shi da na'urar ɗaurawa a damtse duk mako huɗu. Wato za ka biya kuɗin abin da ba zai buɗe maka ba. In kuwa hawan jini ne damuwarka da gaske, na'urar damtse da asibiti su ne wurin zuwa, kada ka jingina lafiyarka da agogo.

GT 4 ma yana da tasa 'yar wahalar. Manhajarsa, Huawei Health, ba a Play Store ake samun sabuwarta ba, sakamakon takunkumin da Amurka ta ɗora wa kamfanin a 2019. Daga shafin Huawei ake saukewa. Bayan ka saka ta, ka shiga saitin batirin wayarka ka ba ta izinin ci gaba da aiki a bayan fage, domin wayoyin Android da yawa kan rufe irin waɗannan manhajoji don tattalin caji, sai ka ga saƙo ya daina isowa hannunka ka zaci agogon ne ya lalace.

Kowanne ka saya, abubuwan da ke shanye batir iri ɗaya ne. Na farko barin fuska a kunne kodayaushe, ka dai ga yadda ya sauko da kwana 8 zuwa 4. Sai GPS, in kana bin sawun tafiyarka. Sai yawan amsa kira ta agogon. Koren hasken nan da ke walƙiya a ƙasansa yana auna bugun zuciya shi ma yana ci, amma bai kai waɗannan ba. Akwai kuma ɓarawon da ba a zargi, wato zaurukan WhatsApp. In kana cikin goma, na 'yan kasuwa da na dangi da na unguwa, kowane saƙo sai ya kunna fuska ya girgiza hannu. Ka rufe musu baki a agogon, ka bar kira da saƙon mutum ɗaya ɗaya.

Yanayin Jos yana yi wa batir kirki, domin zafi ne babban abokin gabarsa. Sanyin hunturu kan sa caji ya sauka da ɗan sauri, amma da ya ji ɗumin jiki yake dawowa daidai. Zafi kuwa lahaninsa ba ya gyaruwa. In ka sauka Abuja a watan Maris, kada ka cire agogon ka ajiye a gaban mota cikin rana. Ruwan alwala da ruwan sama ba sa yi musu komai, duka biyun suna da hatimin jure ruwa na 5 ATM. Ruwan zafin wankan da muke yi a nan da sabulu ne ke cinye robar da ke tare ruwa, don haka ka cire shi kafin ka shiga.

Idan na hannu aka nuna maka, irin da ake cewa ɗan London, ka ƙara lura. Batir yana tsufa da yawan cika da ƙarewa. Agogon da ake caji kullum yakan sha zagaye sama da 300 a shekara, mai cajin mako kuwa wajen 50. Watch6 da ya yi shekara biyu a hannun wani ba awa 40 zai ba ka ba, kuma canza batirin agogo aiki ne da ba kowane mai gyaran waya ke iya mayar da shi ya rufu ruwa bai shiga ba.

In ka koma shagon, ka tabbatar babban GT 4 ne, mai milimita 46. Akwai ƙaramin GT 4 mai milimita 41, kuma shi kwana 7 ne iyakarsa, rabin na babban. Ka sa a buɗe kwalin ka ga cajar da idonka, a ɗora agogon a kai ka ga ya kama. Sannan ka sauke manhajar a nan take, a haɗa shi da wayarka, wani ya kira ka ka ji ya girgiza, kafin ka tura kuɗin. Allah ya sa albarka a kasuwa.