Sitent ko baifas: amsa ga 'yar'uwarmu ta Tudun Wada

Hajiya, na ga tambayarki: an ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar Baba, an tarar uku sun cushe, ga shi yana fama da ciwon suga, likita kuma ya ambaci sitent da baifas, kina son sanin wanne ya fi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi jinyar kawuna da aka sa wa sitent, maƙwabcinmu a Samaru kuma baifas aka yi masa, don haka duka biyun na gan su da idona.

Sitent kamar a yashe kwata ne a saka mata kwalbati. Ana zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har zuwa zuciya, a hura 'yar balan-balan ta buɗe inda kitse ya tushe, sannan a bar 'yar raga ta ƙarfe ta tokare wurin. Mutum idonsa biyu ake yi, wurin hudar kawai ake kashewa. Kawu kwana ɗaya ya yi aka sallame shi, da filasta a hannu kamar wanda aka yi wa ƙarin ruwa. Likita Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich a 1977, ragar daga baya ta zo.

Baifas kuwa sunansa ya faɗi aikinsa, tamkar baifas ɗin Kaduna da ke kewaye cunkoson gari. Ba a taɓa inda ya tushe, sai a ciro jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya. René Favaloro, ɗan Ajantina, shi ya kafa wannan salo a Cleveland ta Amurka a 1967. Aiki ne babba: a sa mutum barci, a tsaga ƙashin ƙirji, a yi sa'o'i ana yi, ya kwana kusan mako a asibiti, ƙashin kuma ya ɗauki mako 6 zuwa 8 ko fiye kafin ya haɗe. Maƙwabcin namu sai ya rungume matashi a ƙirji kafin ya yi tari, a zaune yake salla, achaba kuwa ko kusa.

Duk wanda ya ji wannan zai ce a sa wa Baba sitent a huta. Ni ma da haka zan ce, amma ciwon sugan nan ya sauya lissafi. Wani babban bincike mai suna FREEDOM, da aka fitar a 2012, ya bi masu suga kusan 1,900 da jijiyoyi fiye da ɗaya suka cushe musu. Bayan shekara 5, kusan 16 cikin 100 na waɗanda aka sa wa sitent sun rasu, a ɓangaren baifas kuwa kusan 11. Sai dai shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a baifas, wajen 5 cikin 100, a sitent kuma wajen 2. Ga mai irin lalurar Baba, in jikinsa zai iya ɗaukar tiyata, baifas ya fi rinjaye. In da a ce jijiya ɗaya ce, ko zuciya ta buga ana neman ceto cikin gaggawa, galibi sitent ake sawa. Ki roƙi likitan sitent da likitan tiyata su dubi hoton tare, kada ki tsaya kan bakin mutum ɗaya. A kuma auna ƙodarsa tukuna, domin ruwan da ake ɗurawa don ɗaukar hoto yana wahalar da ƙoda.

Inda muka kusa yin asara shi ne bayan aiki. Mai sitent yana shan maganin hana jini daskarewa iri biyu, aspirin da clopidogrel, galibi wata 6 zuwa 12, in ya daina sha, jini na iya daskarewa cikin ragar. Kawu da ya ji garau a wata na biyu, maganin ya ƙare, ya ce ai ya warke, bai gaya wa kowa ba. Da tsakar dare muka kwashe shi yana dafe da ƙirji, zufa sharkaf. Allah ya yi da sauran kwana. Tun daga ranar ni nake ƙirga ƙwayoyin.

Ko wanne aka yi, maganin rage kitse, na hawan jini da na suga suna nan daram, taba kuma an yi sallama da ita. Kada a yarda wanzami ya yi masa ƙaho, kada a cire haƙori ko a saye masa diclofenac a kemis sai likita ya sani. In azumi ya matso, a tambaya yadda za a raba maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. In ba a nan Zariya za a yi aikin ba, ki karɓo cikakken rahoto da faifan hoton, ki kai wa likitocin zuciya a asibitin koyarwa na Shika su buɗe masa kati tun kafin ranar komawa ta zo.