ePing: ƙararrawar WTO ga mai fitar da riɗi, citta da wake

Tattaunawar Doha kan cinikin duniya da aka buɗe a 2001 ta cije. Sashen ɗaukaka ƙara na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ya daina aiki tun Disambar 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai, taron ministoci na Abu Dhabi a 2024 kuma ya watse ba a cimma matsaya kan noma ba. Mambobi 166 ne, kuma ba a zartar da magana sai kowa ya yarda. Abin da bai tsaya ba shi ne sanarwar da ƙasa ke bayarwa kafin ta sauya ƙa'idar lafiyar abinci, dabbobi da tsirrai, ko ta ingancin kaya. Shafin ePing ne ke kawo wa ɗan kasuwa waɗannan sanarwa kyauta. WTO da cibiyar ciniki ta ƙasa da ƙasa, ITC, da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da shi a 2016.

Rajista ba ta da wuya. Ka sa imel, ka zaɓi kasuwannin da kake kai kaya, sannan lambar kwastan ta HS: riɗi 120740, citta da ba a niƙa ba 091011, wake 071335. Ka zaɓi saƙo kullum ko mako-mako. Wanda bai tace ba, dubban sanarwar da ake fitarwa a shekara za su cika masa akwati har ya daina buɗewa. Wanda ya tsaya kan lambar kaya kaɗai kuma zai rasa mafi muhimmanci, domin sanarwar ragowar maganin ƙwari sau da yawa da sunan sinadarin take zuwa. Don haka a ƙara sunan maganin da manoma da 'yan sito ke amfani da shi. Misali, ragowar maganin ƙwari Dichlorvos ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da busasshen waken Najeriya a 2015, inda iyakar ragowar da ta amince da ita ita ce miligiram 0.01 a kilo.

Yawanci ana ba da kwana 60 na yin tsokaci, kuma a nan raunin shafin yake. Ɗan kasuwa ba ya kai ƙorafi WTO da kansa, sai ta ofishin tuntuɓa na ƙasarsa, kamar hukumar SON a Najeriya kan ingancin kaya. In ofishin ya yi nawa, wa'adi ya wuce. Matakin gaggawa ma ba ya jiran kwana 60. Taƙaitaccen bayani yana zuwa da Turanci, Faransanci ko Sifaniyanci, amma cikakken daftarin dokar kan zo da harshen ƙasar da ta fitar, Japananci ko Sinanci.

ePing ba ya nuna kuɗin fito, wannan sai a duba shafin Market Access Map na ITC. Sharuɗɗan da manyan kantunan Turai ke gindayawa da kansu ma ba sa ciki, tunda ba dokar gwamnati ba ce.

Ga mai loda kwantena, ko ƙungiyar masu fitar da kaya ta Dawanau, ya cancanci a ɗora wa mutum ɗaya mai jin Turanci ko Faransanci karanta saƙon kowane mako, ya tura wa ofishin tuntuɓa tsokaci a rubuce tun kafin wa'adi ya yi rabi.