Ƙananan kyamarori uku na zamanin fim, bayan na yi damina guda da su a Legas

A wani shagon kayan gwanjo da ke Agege, wanda wani dattijo Bakano yake sayar da tsofaffin agoguna da rediyoyi a cikinsa, na tarar da kyamarori uku a kwali ɗaya, kowacce tafin hannu yana iya rufe ta. Akwai Minox B, da Rollei 35, da wata 'yar mitsitsiya mai suna HIT. Da na tambaya ko suna aiki, sai ya ce, "Malam, ni dai ban taɓa ɗaukar hoto da su ba, amma ka duba da kanka, kada gobe ka ce Alhaji ya cuce ka." Wannan gaskiyar tasa ce ta sa na saye su duka, ko da yake kuɗin Minox ɗin kaɗai ya fi na sauran biyun a haɗe.

HIT ba ta buƙatar dogon bayani. Irinta aka riƙa ƙerawa da yawa a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ana sayarwa da arha a matsayin tsaraba, kuma tana amfani da fim mai faɗin milimita 17.5 wanda aka naɗe da takarda. Siffarta ta babbar kyamara ce da aka ƙanƙantar, har da 'yar jakar fata, amma ba a saita mata nisa, idonta kuma ƙaramin gilashi ne marar inganci. Abin ado ce, kuma wanda ya saye ta da niyyar ɗaukar hoton suna ko biki ya yi asarar kuɗinsa.

Minox kuwa wani abu ne daban. Walter Zapp ne ya ƙirƙiro ta a 1936, aka fara ƙera ta a masana'antar VEF da ke birnin Riga na ƙasar Latbiya, bayan yaƙi kuma aikin ya koma Jamus. Samfurin B da ke hannuna ya fito ne a 1958. Jikinta alminiyom ne, tsawonta bai kai na biro ba, kuma idan tana rufe babu wanda zai ce kyamara ce. Wani maƙwabcina ya ɗauka abin kunna taba ne. Jan ta ake yi ta buɗe, a latsa, sannan a tura ta ta rufe, kuma wannan turawar ce take gusar da fim zuwa gurbi na gaba. Abin da ya fi burge ni shi ne sarƙar da ke maƙale da ita. Da farko na zaci ta ratayawa ce kawai, ashe 'yan ƙwallayen da ke jikinta ma'auni ne, na farko yana daidai santimita 20 daga idon kyamarar, domin mai ɗaukar hoton takarda ya san nisan da zai tsaya ba tare da ya yi kirdado ba. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa 'yan leƙen asiri suka riƙe ta: da Minox Oleg Penkovsky, wani jami'in leƙen asirin sojan Sobiyet, ya riƙa kwafar takardun sirrin Tarayyar Sobiyet yana miƙa wa Amurka da Ingila, kamar yadda John Walker, jami'in sojan ruwan Amurka da aka kama a 1985, ya yi wa Sobiyet ɗin irin wannan aiki da samfurin C.

Sai dai tarihi ba ya wanke hoto. Gurbin hoton Minox milimita 8 ne da 11, wato bai wuce farcen ɗan yatsa ba, kuma fim ɗinta yana zuwa ne a cikin wani ƙaramin gida na musamman wanda sai da na sa aka aiko mini daga waje. Cikin hotuna 36, kusan goma sun tafi a banza tun a daren farko, saboda na kai ta majalisarmu bayan sallar isha'i, kowa ya karɓa ya buɗe ya rufe, alhali a wannan samfurin duk rufewa ɗaya gurbi ɗaya ne ya wuce, ko an ɗauki hoto ko ba a ɗauka ba. Da na gama sauran, na zaga wuraren wankin hoto uku tsakanin Ikeja da Yaba, duka suka ce ba su da abin da zai riƙe siririn fim irin wannan. Ma'aunin haskenta, wanda ba ya buƙatar batir, shi ma ya raunana saboda tsufa.

Rollei 35, wadda ta fito a 1966, ita ce ta biya ni. Ta fi sauran girma da nauyi, amma tana shiga aljihun kaftani, kuma tana cin fim na milimita 35 da aka saba da shi, wanda har yanzu ake samun masu wanke shi a Legas. Tana da nata halin: sai an zaro idonta an murɗa kafin ta ɗauka, hannun gusar da fim yana hagu, nisa kuma da ido ake ƙiyasta shi. Batirin ma'aunin haskenta an daina yin irinsa, amma kyamarar tana aiki ba tare da shi ba. Hotunan da na ɗauka na masu sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 da sassafe sun fito tas, har saƙar kwandon ana gani.

Wanda zai sayi ɗaya daga cikinsu a garin nan ya haska fitilar waya cikin idon kyamarar kafin ya biya, domin danshin Legas yana haifar da fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo a jikin gilashi, kuma idan ta daɗe ba ta goguwa. Nawa ina ajiye su a cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Fim ɗin Minox yana nan cikin firij, yana jiran wani ɗan'uwa da zai yi tafiya Jamus bayan Babbar Sallah.