Abin Sauke Tukunya: Tawul Za a Sa a Ciki ko Soso?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kin tara ƙyallaye cike da leda daga wurin tela, kina so ki haɗa su ki ɗinka abin sauke tukunya irin mai kusurwa huɗun nan, amma kin rasa abin da za ki sa a tsakiya: siririn soson da masu ɗinkin jaka ke amfani da shi, ko tsohon tawul. Ni dai tawul zan ce miki, sai dai bari in jera miki su biyun ki ga dalili, don soso ma yana da wurin da ya fi.

A wajen kyau da sauƙin ɗinki, soso ne a gaba, wannan babu gardama. Allura na ratsa shi ba tare da keke ya yi nishi ba, layin ɗinki ya nutse, gefensa ya taso, abin ya fito tubarkalla kamar na kanti. Ba shi da nauyi, kuma in kin wanke kafin ki gama girki ya bushe. Haka fayibar da ake cusa wa filo take. Tawul kuwa tun daga yanka yake fara ba ki aiki, zarensa ya bi ya cika miki zani da kan keke, ga shi yana zamewa a ƙarƙashin atamfa in ba ki riƙe shi da fil ba.

To amma abin sauke tukunya ba don kallo ake yin sa ba. Abin da ke tare zafi a cikinsa iska ce, wadda ta maƙale a tsakanin zare da zare ko a cikin ramukan soso. Ki matsa soso da yatsu biyu ki gani: nan take yake lafewa ya zama falle ɗaya. Haka zai yi in kin damƙi kunnen tukunyar dalma cike da tuwo, nauyin tukunyar ya matse iskar ta fita, zafin ya iso tafin hannunki kina tsakiyar tafiya, ba damar direwa. Tawul ba ya lafewa haka. Ƙananan zaren nan da suka yi tsiri-tsiri a jikinsa suna riƙe kauri ko an matse su, musamman in kin ninka shi biyu.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi damuna. Soso da fayiba duk dangin roba ne. Foliyesta, wato abin da ake yin fayiba da shi, tana narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260, wani nau'in nailan ma tun daga 220. Mai gasa kek a oben a kan digiri 180 za ta iya cewa ai ba a kai nan ba, kuma tana da gaskiya. Amma yawancinmu ba a oben kaɗai muke aiki ba. Kaskon tuya da tandar masa a kan itace ko gawayi, harshen wuta na lasar gefensu, kuma zafin harshen wuta ya ninka wancan. In roba ta narke, mannewa take yi a fata ta ci gaba da ƙuna. Soso kuma in ya kama, da sauri yake ci, hayaƙinsa guba ne. Auduga ita ma tana ƙonewa, kada a ce na ce ba ta ci, sai dai ba ta narkewa: baƙi take fara yi, ki ji ƙauri, ki janye hannu.

Babban aibin tawul shi ne ruwa. Yana sha, yana jinkirin bushewa, balle da damina. Ruwa kuwa yana ɗaukar zafi ya wuce da shi fiye da iska sau ashirin da ɗoriya, ga tururin da zai taso daga cikin ƙyallen. Jiƙaƙƙen abin sauke tukunya ya fi hannu tsirara da kaɗan ne kawai. Maganinsa ki ɗinka uku ko huɗu, ɗaya na kan igiya ɗaya na hannu. Ki kuma lura da irin tawul ɗin: akwai masu santsin nan marasa nauyi da suka cika kasuwa yanzu, su ma roba ce. Mai kauri na auduga, wanda ya sha wanki har ya fara kaushi, shi ake nema.

A ƙasashen waje akwai wani shafi da ake sayarwa musamman don wannan aikin, Insul-Bright, na wani kamfani a Amurka. Shi ma foliyesta ne da wani siririn abu mai ƙyalli a tsakiya da ke mayar da zafi baya, kuma su kansu masu yin sa suna ba da shawarar a haɗa shi da falle na auduga. Ba sai kin wahalar da kanki nemansa ba. In tawul bai samu ba, tsohon wandon jins ninki uku zai yi, sai dai ya fi tauri a hannu. Audugar rimi kam kada ki kusanto da ita, saurin kama wuta gare ta.

Ƙyallayen sama ma sai kin tantance su, don ledar tela ta haɗa kowa da kowa. Atamfar Holan da shadda mai kyau auduga ce, amma da yawa daga cikin masu arahar da ake saro wa a Kantin Kwari an gauraya su da roba, leshi da satin kuwa a ajiye su gefe. Ki yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana a kan faranti. In ya yi ƙaurin takarda ya bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa, auduga ce. In ya tattare ya bar baƙin ƙulli mai tauri, yana warin leda, ki mayar da shi wajen masu yin jakar 'yan makaranta. Waɗanda suka ci jarrabawa ki wanke su ki goge kafin ki yanka, don auduga na tsukewa a wankin farko, wasu kuma suna zuba.

Wajen ɗinkin, inci 8 kowane gefe ya isa hannun babba, saboda haka ki yanka inci 9 don ki samu na gyara. Ki shimfiɗa ƙyallen ƙasa, tawul falle biyu, sannan haɗaɗɗun guntayenki a sama. Ki fara kama su da manyan ɗinkin hannu, ki zana layi da alli, tazarar inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ki fara bi daga tsakiya zuwa gefe don kada ya yi ciki. Allura lamba 16 ko 18 za ki sa, ki kuma buɗe tsawon ɗinkin. Baƙin keken Butterfly yana cin wannan kaurin in kin bi shi a hankali. Kada ki cika layin da yawa, yawan ɗinki na matse tawul ɗin ya rage masa aiki. Daga nan ki daidaita gefe da almakashi, ki zagaye shi da bayas, wato siririn ƙyallen da ake rufe bakin ɗinki da shi, ki bar ɗan hannu a kusurwa ɗaya na ratayewa, nesa da murhu.

Soson da kika riga kika saya ba asara ba ne. Ki yi shimfiɗar faranti da kofi na kan tebur da shi, nan kyansa ke fitowa. In sayarwa za ki yi, ki raba su tun a wajen talla, ki gaya wa mai saye wanne ne na tebur wanne ne na murhu. Kuma kafin ki yanka tawul ɗin duka, ki ɗinka guda ɗaya, ki ɗora dutsen guga mai zafi a gefe ɗaya, tafin hannunki a ɗaya gefen, ki ƙirga goma. In kin ji zafi kafin ki kai, ki ƙara falle.